Rijiyar Baba Jatau

Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya buɗe ido.

Ta zo mu ji ta, Iya.

To. A wani gari na masu lambu aka kawo wata na'ura mai ba da ruwa. Suka sa mata suna Ɗan Aike. Ba shi da ido, ba shi da harshen ɗanɗano, a cikin akwati yake zaune. Ka ce masa, shayar da wuri kaza, sai ya zaɓi rijiya ya kunna famfonta. Amma bai san kowace rijiya ba sai abin da aka faɗa masa a kanta.

Wadda ta kawo shi, Injiniya Ladidi, ta ce kowa ya zo ya yi bayanin rijiyarsa. Kowa ya yi. Saura ta Baba Jatau, tsoho ne, sai aka ce surukinsa Nomau ya yi masa.

Ita rijiyar nan akwai kanwa a ruwanta. Shanu na sonta, shuka kuwa ƙonewa take. Duk gari an sani, amma wa zai faɗa? Da hannunsa tsohon ya haƙa ta. Shi kuma Nomau ya yafa irin albasa kusa da ita, kuma irin da ya rage masa ke nan a duniya. In ya ƙone, bana ba shi ba lambu.

Sai Nomau ya tsaya gaban akwati ya gyara murya: "Rijiyar Baba, uwar rijiyoyi! Ba ki ƙafewa, mai shayar da dubu!"

Kai, kirari kamar an zo biki.

Injiniya ta ce, "Bari mu gwada, bututu a rufe yake. Ɗan Aike, in na ce ka shayar da irin albasar Nomau, wace za ka kunna?"

Ya ce, "Uwar rijiyoyi."

Nomau ya dafe kai. "A'a! Ba ita ba!"

Ta ce, "To bayaninka ne bai yi ba. Shi abin da ka faɗa ya ji. Sake."

Sai ya koma gida, ya kasa cin tuwo. Washegari ya dawo, ya ce a ransa, tunda yabo ya jawo, bari in rage. Ya ce, "Rijiya ce. Tana da ruwa."

Injiniya ta sake tambaya. Ɗan Aike ya ce, "Ita zan kunna. Tana da ruwa, kuma ta fi kusa."

Nomau ya ce, "Wayyo ni! Wannan abu ba ya gane kara ne?"

Ta ce, "Ba ya ganewa, Malam. Mutum ne zai dubi fuskarka ya san akwai magana. Ni ma baƙuwa ce, ban san ruwanku ba. Ka gaya masa me take yi, wa za a ba, wa ba za a ba ba. Gobe zan buɗe bututu in tafi."

Ke mai dariya can, da ke ce, ya za ki yi? Ni dai tausayi ya ba ni.

Washegari Nomau ya yi sammako don ya faɗi gaskiya tun ba kowa a wurin. Yana isa, sai ga Baba Jatau zaune a gindin akwati da sandarsa, ya zo jin yadda za a yabi rijiyarsa. Nomau ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, barka da asuba."

"Yauwa, ɗana. Yi maganarka, ina ji."

Nomau ya dubi tsoho. Ya dubi irinsa da ya fito kore shar.  Sai ya sunkuyar da kai, ya ce, "Rijiyar Baba ba ta ƙafewa. Amma ruwanta da kanwa. A ba shanu, a ba awaki. Kada a ba shuka, ƙona ta yake."

Injiniya ta tambaya. Ɗan Aike ya ce, "Albasa, rijiyar gabas. Ta Baba, kwamin shan ruwan dabbobi kaɗai."

Ta ce, "Yanzu ya yi."

Ba wanda ya yi murna. Tsoho ya juyo ya dubi Nomau. Can ya ce, "Ɗana, tun yaushe ka sani?"

"Tun ina yaro, Baba."

"Kowa ma ya sani?"

Nomau ya gyaɗa kai.

Tsoho ya ce, "Duk rani lambuna ƙonewa yake. In na tambaya, wannan ya ce tsutsa ce, wancan ya ce iri ne mara kyau. Har na ɗauka hannuna ne ba shi da albarka, na daina shuka. Ashe kunyata kuke ji." Ya dogara sanda ya miƙe da ƙyar. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Da ma tun ina da ƙarfi wani ya faɗa mini."

Albasar Nomau ta yi. Baba Jatau kuwa ƙarfin riƙe fartanya ya riga ya wuce.

Ƙurunƙus, ga kan kusu nan na ajiye muku. In za ku ba wanda ba ya gani kayan aiki, ku faɗa masa amfaninsa, ku faɗa masa inda yake ɓarna. Mai ido ma a faɗa masa da wuri. Ku tashi, ku kakkaɓe mini tabarma.