Kitson Uwar Kumfa

Ku matso kusa, 'yan jikokina. Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Iya!

A can ƙasar Girka, bakin teku, an yi wata makitsiya, sunanta Tiyano. Mijinta Filon masunci ne. Ran nan ya fita su, sai teku ya haukace. Igiyar ruwa tana jan kwalekwalensa wajen duwatsu, Tiyano tana gani daga gaɓa, ba yadda za ta yi.

Sai ta ji tsaki. Ta waiga, sai ga Uwar Kumfa, babbar 'yan matan ruwa masu iko da teku, zaune kan dutse tana susar kai. Gashi kuwa, wayyo, ya cukurkuɗe kamar tsohuwar komar kamun kifi! Da ta sosa, sai igiyar ruwa ta tashi.

Tiyano ta durƙusa. "Ranki ya daɗe, mijina zai halaka!"

"Ke, rabu da ni. Kaina ke ƙaiƙayi."

"To, kawo kan."

Uwar Kumfa ta ce, "In kin kama, ba saki. Kika saki ya warware, mijinki ya tafi ke nan."

Sai Tiyano ta juya wa teku baya, ta fara tsifa, tana fidda ƙaya da 'yan kaguwa. Sai matan gari suka yi ihu, "Tiyano, filafilinsa ya karye!" Ba ta waiga ba.

Sai ta shafa man zaitun, ta kama tajewa. "Tiyano, kwalekwale ya kife!" Ba ta saki ba.

Sai ta tsaga, ta shiga kitso. "Tiyano, ba ma ganinsa!" Kai, ku da ko allura ta faɗi sai kun waiga! Ita hawaye kawai take yi, yatsu na aiki, har ta tufke na ƙarshe.

Sai teku ya yi tsit. Ta kasa juyawa don tsoro.

Sai ta ji tari a bayanta. Filon ne, 'yan matan ruwa sun tallabo shi sun ajiye kan yashi, jiƙe sharkaf, yana numfashi.

Tiyano ta faɗi tana kuka. "Na gode, ranki ya daɗe! Na gode!"

Uwar Kumfa ta shafa kanta, ta yi ajiyar zuciya. "Tashi, 'yata, ni ke da godiya. Kowa ya zo nan roƙo yake kawowa. Ke kaɗai kika kula da kaina."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu! In za ka roƙi babba, fara duba abin da ke damunsa.