Minti Uku Na 'Yar Mai Injin Niƙa

Akwai wata ɗalibar jami'a mai neman digiri na uku, wadda abokan karatunta suke kira 'Yar Inji. Sunan ba ya ɓata mata rai, don gaskiya ne. Mahaifinta injin niƙa gare shi a bakin kasuwa, shekara talatin yana tsaye a kansa. Ita kuma bincikenta a kan yadda ƙarar inji ke cinye kunnen masu wannan sana'a ne.

Shekara huɗu tana yawo da na'urar auna ƙara daga wannan shago zuwa wancan. Ta gwada kunnen masu niƙa sama da ɗari biyu, ta cika littafi guda da alƙaluma. Amma mutumin da ta fara aikin dominsa ya ƙi sa abin toshe kunne ko da na wuni ɗaya.

Kunnen Baba kuwa tafiya yake yi. A gida sai an kira shi sau uku kafin ya waiwayo. Jikarsa za ta zauna a cinyarsa ta yi ta ba shi labari, shi kuma yana murmushi yana cewa "To, to," alhali ko rabi bai ji ba. Wannan ne ya fi komai ci mata rai.

Ta sha zaunar da shi ta buɗe kwamfuta, ta nuna masa jadawali mai layuka ja da shuɗi. Zai gyaɗa kai har ta gama, sannan ya ce, "Allah ya yi albarka, Auta. Amma ni da kunne nake sanin lafiyar inji. In na toshe shi, ranar da bel ɗin injin zai tsinke sai dai in gan shi a ƙasa."

Ana haka sai jami'a ta sanar da wata gasa. Kowane ɗalibi zai bayyana bincikensa cikin minti uku, da hoto ɗaya tak, ba riƙe takarda. Wanda ya wuce lokaci ya fita. Alƙalan ma ba malamai ba ne: wata tela, wani direban bas, da wata ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya.

Ku da kuka san 'yan digiri na uku kun san wannan ba ƙaramar azaba ba ce. Mutanen da in ka tambaye su ƙarfe nawa, sai sun fara maka da tarihin agogo! Ita ma da ta gwada a ɗakinta, minti goma sha ɗaya ta ci, kuma ba ta kai ƙarshe ba.

Sai ta yi wata dabara da ta burge ni. Kullum da rana takan je ta zauna a bencin ƙofar shagon Baba, inda mata ke jiran layi da robobinsu. Da zarar an kashe inji don ya huta, Baba ya duƙufa ɗaure notuna a ciki, sai ta ce, "Don Allah ku ara min kunnenku na minti uku."

Tana magana tana kallon idanunsu. Duk kalmar da ta faɗa ta ga idon wata ya koma kan waya ko kan roba, sai ta ja layi a ƙarƙashinta, ta koma gida ta cire ta. Ranar farko wata tsohuwa ta katse ta.

"'Yar nan, wannan desibel ɗin da kike ta ambata, ci ake yi ko shafawa?"

Benci ya ɗauki dariya. Ita ma ta yi dariyar, ta soke wannan kalma ta ma'aunin ƙara. Mako uku tana haka, har ta kai ranar da ta gama babu idon da ya bar fuskarta.

A sashensu akwai wani ɗalibi da ake kira Ƙamus, saboda ba ya faɗin ƙaramar kalma in akwai babba a kusa. Yana da ƙwaƙwalwa, ba a ƙwace masa ba, sai dai jin kai. Da ya ji inda take zuwa gwaji, ya taɓe baki.

"Shekara huɗu kina bincike, ki ƙare a neman yardar masu jiran niƙa? Wannan ai zubar da mutuncin ilimi ne."

Ta ce, "Su ne masu kunnen, ni aro na yi."

Ranar gasa zauren ya cika da iyaye da 'yan gari. Ƙamus ne na huɗu. Ya fara da gaida shugaban jami'a, da shugaban sashe, da malaman da suka duba aikinsa, kowa da cikakken muƙaminsa. Minti ɗaya ya tafi. Ya shiga bayanin hanyar da ya bi wajen tattara bayanai. Yana cewa "Yanzu ga abin da na gano," ƙararrawa ta kaɗa. Direban bas ya juya ya tambayi tela a hankali, "Wai a kan me ya yi magana?"

Da aka kira 'Yar Inji, tana hawa dandamali ta hango Baba. Ya rufe shago ya zo a makare, ya sami kujera a layin ƙarshe, da ƙurar gari a gefen hularsa. Ya kafa tafin hannu a bayan kunne.

Jawabin da ta haddace yana cika minti uku cif ne in ta yi sauri. In kuwa ta yi saurin, Baba ba zai kama komai ba. A nan take ta yanke shawara. Ta zubar da kashin ƙarshe gaba ɗaya, inda alƙalumanta na shekara huɗu suke, wanda malaminta ya ce shi ne zai kawo mata maki. Ta fuskanci layin ƙarshe, ta ɗaga murya, ta riƙa fitar da kalma ɗaya bayan ɗaya.

Hotonta ya fito a bango: buroshi biyu na share gari daga bakin inji, ɗaya sabo, ɗaya tsoho da gashinsa ya kwanta.

"A can cikin kunnen kowannenmu akwai wasu 'yan gashi tsaye kamar na sabon nan. Su ne suke kama magana. Ƙarar inji tana kwantar da su kaɗan-kaɗan, har su zama kamar na tsohon nan. Buroshi in ya mutu, a sayo wani. Na kunne babu shagon da ake sayarwa. Amma wanda bai kwanta ba tukuna, ana iya tsare shi."

Ta numfasa, ta ci gaba. "Masu niƙa suna cewa in sun toshe kunne ba za su ji inji ya sauya murya ba. Na sa wa mutum arba'in abin toshe kunne, na sassauta bel ba su sani ba. Dukansu sun ji. Abin toshewar, ƙara yake ragewa, ba ya hana ka jin injinka."

Ta kammala da saura daƙiƙa biyar. Zauren ya ɗauki tafi, ma'aikaciyar jinyar nan har da miƙewa tsaye.

Ta biyu ta zo. Wani ɗalibin aikin gona ne ya yi na ɗaya, kuma ya cancanta. Malaminta ya ce da ba ta zubar da alƙaluman ba, da babu mai kamo ta. Ƙamus ma ya zo yana sosa ƙeya, yana tambaya ko akwai sauran wuri a bencin nan.

Ita dai Baba take nema. Ta same shi a bakin ƙofa, idonsa ya yi ja.

"Auta, wanda ya rage min, da gaske ana iya tsare shi?"

"Ana iya, Baba."

"To me ya sa ba ki taɓa faɗa min ba?"

"Baba, shekara huɗu ina faɗa maka."

Ya girgiza kai. "A'a. Karanta min kike yi. Yau ne kika faɗa min." Ya share fuska da hannun riga. "Gobe ki kawo min abin toshewar kafin in tada inji. Ina son in ji abin da jikar nan tawa take ba ni labari tun kafin ta gaji ta daina."

Darasi: Ilimin da mai buƙatarsa bai gane ba, har yanzu bai fita daga hannunka ba. Sauƙaƙa magana ba ya rage wa mai sani daraja, kuma sai wanda ya san abu da gaske ne yake iya yi. In kana da abin da zai amfani wani, ka faɗa masa yadda zai ji, ba yadda za a yaba maka ba. Ku tura wa ɗalibai da malaman da kuka sani, da duk wanda ke wuni a cikin ƙarar inji.