Kawarar Rafin Tsamiya

Ku matso kusa, yau da gardama na zo muku.

Wannan rafin da ya ratsa unguwarmu, muna yara ruwansa garau yake, har yashin ƙasa kana gani. Da ruwan fari ya sauka, sai kawara, ƙananan kifayen nan masu ƙyalli kamar azurfa, su taso daga gulbi su hauro don su zuba ƙwai a gindin ciyayi. Iyayenmu mata na wanki, kifi na gilmawa ta tsakanin ƙafafunsu. Ƙamshin suyarsu kuwa, har yau in na rufe ido ina jinsa.

Sai gari ya cika. Shara da leda suka toshe rafin, ruwan ya yi baƙi, ya koma ƙafewa da rani. Shekara talatin ba wanda ya ga kawara. Daga baya hukuma ta ce za ta rufe shi da kankare ya zama kwata. Nan ne mutanen unguwa suka tashi da aikin gayya, kowace Asabar ana kwasar shara. An kwashe, amma rafin bai farfaɗo ba, sai da mutum uku suka yi abin da suka yi.

Ta farko Iya Kuluwa, tsohuwar da idonta ya kusa tafiya. Ita kaɗai ta tuna akwai idon ruwa da ke ciyar da rafin rani da damina. Aka riƙo hannunta tana lalube da sanda, har ta tsaya a bayan ɗakinta, wanda marigayi mijinta ya gina mata da hannunsa. Ta ce, "Yana ƙarƙashin nan. Ku rushe, 'ya'yana. Ni ko zaure ya ishe ni." Aka rushe, aka haƙa kwana uku, ruwa ya ɓulɓulo da sanyinsa.

Na biyu Jatau marini. Karofinsa, wato ramukan rininsa na bakin rafi, gadon kakansa ne, amma ruwan rinin zamani da yake zubarwa ba ya barin ko talibambam da rai. Ba wanda ya iya buɗe baki ya gaya masa, don da sana'ar yake ciyar da mutum goma sha ɗaya. Wata safiya ya ga kwaɗi matattu a bakin magudanarsa, ya daɗe a tsaye. Kafin sati ya cike ramukan da ƙasa, ya koma bayan gari inda masu kawo rini ba sa son zuwa. Rabinsu ba su bi shi ba. Ruwan rafi ya washe.

Duk da haka kifi bai zo ba. Na ukun shi ne Malam Gambo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Damina huɗu yana zama bakin rafi bayan sallar asuba da littafinsa, yana rubuta tsayin ruwa da duk abin da ya motsa a ciki. Mutane na wucewa suna cewa, "Malam, yau kifi nawa suka gaishe ka?" Bai kula ba. Shi ya gano kawara na zuwa har ƙarƙashin gada, amma dakalin kankaren da ke wurin ya fi ƙarfin tsallensu, sai su juya. Ya sa aka jera duwatsu kamar matakala. Littafin nan nasa kuma shi aka kai wa hukuma, ta janye maganar kwata.

Damina ta biyar, ran wata Laraba, kawara suka hauro. Tsofaffi suka tsaya kan gada suna hawaye. Iya Kuluwa ba ta gani, sai aka zaunar da ita ta sa ƙafa a ruwa, kifi na taɓa ta tana dariya.

Bayan shekara biyu da hana kamu, mai unguwa ya ba da izinin yin su na yini ɗaya. Ya ce kifin farko da aka kama, a kai wa wanda ya dawo da rafin. Masunta suka fito da shi a ƙwarya yana ta motsi, suka tsaya cirko-cirko, don gidajen uku ne.

To, ku da kuka ji, ƙofar wa za a kai ƙwaryar nan?