Haƙorin Filibus da Tarwadar Briskila

An ce a garin Tudun Kanya an yi wani sarki mai suna Barau, wanda ba abin da yake tsoro kamar ya zalunci talaka. Wata rana aka kawo masa Kiristoci biyu. Habila ya naushi Filibus a kan iyakar gona, har haƙorin gaba ya fita. Filibus ya buɗe littafinsu mai tsarki, ya nuna inda aka yi hukuncin ramuwa daidai da ɓarna, ya ce a cire na Habila.

Sarki Musulmi ne, bai san littafin ba, amma yana son ya hukunta kowa da abin da ya yarda da shi. Sai ya dubi Madaki, tsohon da ya daɗe yana fatauci a cikin Kiristoci, ya ce, "Tun da a rubuce yake, ai magana ta ƙare."

Madaki ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ji labarin Briskila tukuna."

Sarki ya ce, "Ina jin ka."

Madaki ya ce, Briskila mai bandar tarwada ce a wani gari na bakin kogi, da ita take ciyar da marayunta huɗu. Da girmanta ta koyi karatu. Ran nan tana karanta littafinsu mai tsarki na Kiristoci, ta ci karo da wurin da aka hana cin kifin da ba shi da ɓawo a jiki, irin tarwada. Hankalinta ya tashi, ta kashe wutar banda. Kasuwa uku ba ta fita ba, har tukunya ta daina hawa murhu. Ta je wa fastonsu da hawaye, ta ce, "Baba, ashe haram nake ciyar da mutane?"

Fasto ya ce, "'Yata, zauna in ba ki labarin wani uba da wasiƙunsa."

Ya ce wani manomi yana da ɗa a birni. Da ɗan ya kamu da gyambon ciki, uban ya rubuta masa kada ya kusanci barkono. Wata wasiƙar labarin damina ce kawai. A ta ƙarshe, kafin ya rasu, ya ce ya ji ya warke, ya ci abin da yake so, amma ya riƙe ƙannensa da tausayi. Ɗan ya adana su duka. Sai ya kama ta farko, ya hana kowa barkono a gidansa, har ya kori ƙanwarsa don ta zuba a miya. Yayarsu ta zo ta ce masa, "Baba bai yi ƙarya a ko ɗaya ba. Amma ka riƙe wadda ya rubuta wa majinyaci, ka taka wadda ya bar mana duka."

Briskila ta ce, "To, wa ke bambance wannan da waccan?"

Fasto ya ce, "A nan muke saɓawa, ba zan ɓoye miki ba. Akwai 'yan'uwanmu da har yau suke kiyaye dokokin abinci. Yawancinmu muna cewa duka maganar Allah ce, amma tsofaffin dokokin muna karanta su da koyarwar Almasihu. Wasu wuraren waƙa ne, wasu tarihi, wasu umurni, kuma akwai waɗanda har gobe ake gardama a kansu. Je ki hura wutarki."

Madaki ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya nuna maka layi ɗaya bai nuna maka yadda masu littafin suke karanta shi ba."

Sarki ya tuna saura kaɗan ya sa a zubar da jini da sunan addinin da bai tambayi masu shi ba. Ya dubi Filibus ya ce, "Kana cin tarwada?"

Filibus ya sunkuyar da kai. "Ina ci, ranka ya daɗe."

Sarki ya aika aka kira dattawan majami'arsu. Suka ce su dai an koya musu yafiya ta fi ramuwa, amma mai laifi ya gyara ɓarnarsa. Aka yanke Habila ya nemi gafara a gaban jama'a, ya ɗauki jinyar Filibus, ya nome masa gona bana.

Da fada ta watse, sarki ya ce, "Madaki, na karɓa. Daga yau in an buɗe mini littafin mutane, sai na kira mutanen."