Zaren da Likita Issoufou Ya Nace a Kai

Akwai wani attajiri a Libreville mai suna Alhaji Ubale, mutumin Kano. A shekarun da arzikin man fetur ya buɗe a Gabon, manyan motocinsa ne ke jigilar siminti da ƙarfe daga unguwar masana'antu ta Oloumi zuwa wuraren gine-gine. Ya saba idan ya ce a yi abu, to an gama.

Sai ƙafarsa ta hagu ta fara ciwo. Tun yana ɗingishi har ta kai ba ya iya takawa zuwa masallacin unguwarsu a Lalala. Da ƙaramin yatsan ya soma yin baƙi, matarsa Hajiya Ƙulu ta matsa aka kai shi asibiti.

Likitan tiyatar da ya duba shi wani matashi ne ɗan Damagaram, sunansa Issoufou.

"Alhaji, babbar jijiyar jinin cinyarka ce ta toshe," in ji likitan. "Za mu ɗinka maka bututun roba ya kewaye wurin, jini ya samu hanya. Bututun muna da shi. Zaren ɗinkin ne babu."

Alhaji ya yi tsaki. "Zare? Asibiti guda a rasa zare?"

"Akwai, amma ba na wannan aikin ba. Na hanjin tumaki narkewa yake yi a jiki. Na siliki kuma yana ruɓewa a hankali. Shi bututun roba ba ya taɓa haɗewa da tsoka, zaren ne zai riƙe shi har ƙarshen rayuwarka. Ranar da ya saki, jini zai ɓalle a ciki. Wani zaren roba nake buƙata, siriri kamar silin gashi."

"Kai yaro, ka san da wa kake magana? Ɗinka min da silikin!"

"Ka yi haƙuri, Alhaji. Ba zan sa maka abin da na san zai ci amanarka ba."

Ran Alhaji ya ɓaci. Ya aika aka kai ƙarar likitan wajen shugaban asibitin, wai yana wasa da ransa. Shugaban ya kira Issoufou ya ce ya zaɓa: ko ya ɗinka da siliki, ko ya yanke ƙafar a huta. In ya ƙi, za a mayar da shi wani ƙaramin asibiti a can cikin daji.

Issoufou ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙafar nan tana da sauran rai. A ba ni dama in nemo zaren."

Da shugaban ya amince, Issoufou ya ɗora Alhaji a kan maganin tsinka jini, ya damƙa shi ga wani abokin aikinsa, ya shiga gari. Babu kantin maganin da bai leƙa ba. Daga ƙarshe wani mai farmasi ya ce masa ya gwada asibitin wani kamfanin mai a Port-Gentil. Mota ba ta zuwa garin, don haka ya hau jirgin ruwa.

Babbar likitar wurin, wata Bafaranshiya, ta ce kayansu na ma'aikatansu ne kawai. Issoufou bai yi musu ba, bai kuma tafi ba. Ya zauna a benci a ƙofar ofishinta. Duk fitowar da za ta yi sai ya miƙe tsaye, hoton jijiyar Alhaji a hannunsa. Da yamma ta karɓi hoton ta ɗaga shi a haske.

"Ɗan'uwanka ne?" ta tambaye shi.

"A'a. Shi ne ma ya kai ƙarata."

Da ta ji haka, sai ta buɗe kabad ta miƙo masa zaren.

Da ya dawo, ya tarar yatsan ya riga ya mutu, dole a cire shi. Bai ɓoye ba. Ya ce wa Hajiya Ƙulu, "Jiran da na sa aka yi ne ya ci yatsan nan. Amma in Allah ya yarda ƙafar za ta tsira."

Ta share hawaye ta ce, "Je ka yi aikinka, likita. Allah ya dafa maka."

Ya ɗinka bututun a tsanake, ɗinki bayan ɗinki. Da ya cire abin da ya matse jijiyar da shi, jini ya bi sabuwar hanya, tafin ƙafar da ya yi sanyi kamar ƙanƙara ya fara ɗumi a hannunsa.

Da Alhaji ya farfaɗo, Hajiya ta kwashe labarin tafiyar duka ta faɗa masa. Ranar da aka sallame shi bai nufi mota ba. Ya dogara sandarsa, ya hau matakala da ƙafarsa har ofishin shugaban, ya janye ƙarar. Daga nan ya wuce wajen Issoufou, ya riƙe hannunsa a gaban ma'aikata.

"Likita, ka yafe min. Da ka biye mini, da ni na kashe kaina da bakina."

"Babu komai, Alhaji," in ji Issoufou. "Zauna mu duba ɗinkin."

Darasi: Ba duk mai ce maka "a'a" ne maƙiyinka ba, wani yana kare ka ne daga gaggawarka. Kai kuma da aka ba amanar aiki, tsaya a kan abin da ka san shi ne daidai, ko da wanda kake yi dominsa yana zaginka. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu jinya da masu kula da su.