Toshin Buzuzu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Buzuzu ne ya ga 'yar Gwaggo Zuma, ya ce yana so. Gwaggo ta ce, "Kawo abin da ya fi komai daɗi a duniya, in ba ka ita."

Buzuzu ya kwana uku yana mulmula kashin shanu, ya gangaro da shi da baya-da-baya, yana haki. Gwaggo ta toshe hanci, ta ja shi gaban alƙali Kunkuru.

Kunkuru ya ce, "Kashi ne?"

Buzuzu ya ce, "Allah ya gafarta malam, na karsana ma, da ɗuminsa!"

Kunkuru ya auna, ya ce, "Kashi ne, ya mulmulu, yana wari. Kun yarda?" Suka ce sun yarda.

Gwaggo ta ce, "To daɗin fa?"

Kunkuru ya ce, "Sikelina ba ya auna daɗi."

Gwaggo ta ɗebo saƙar zuma ta ce, "Ga daɗi, da bakinmu muke amayo shi."

Buzuzu ya yi tsalle. "Amai? Ni zan haɗa zuri'a da masu cin amai? Na fasa!"

Kunkuru ya kira Ƙuda ya ɗanɗana, ya raba gardama. Ƙuda ya lashi nan, ya lashi can, ya murza hannu, ya ce, "Bari in ƙara tukuna."

Har yau ƙarawa yake.

Ƙurunƙus, kan kusu ya faɗa rami!