Jar Kwalbar Mai Ƙararrawa

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku.

A zamanin da ba mai tambayar abin da ke cikin kwalbar magani, wani baƙo mai kaɗa ƙararrawa ya sauka kasuwar Kwarin Tsamiya da jan magani mai zaƙi. Ya ce yana kwantar da kukan haƙori. Iyaye mata suka yi rububinsa. Yara kuwa suka daina kuka, suka yi ta barci, har wasu suka daina farkawa. Tsoro ya rufe gari. Uwa kan kwantar da kunne a ƙirjin ɗanta, ta kasa ɗagowa. Aka ce mayu ne, ana kuma ƙara ɗura wa yara maganin.

Akwai wasu 'yan'uwa uku a garin. Ladidi, ƙaramarsu, ita ke wankan gawar jarirai. Ta lura duk wanda aka kawo mata harshensa ja ne, bakinsa na ƙanshin kwalbar nan. Ta bi gida-gida tana faɗa. Mata suka ce ai ita ce mayyar, aka jefe ta har aka fasa mata goshi, amma ba ta yi shiru ba.

Da magana ta kai gaban hakimi, baƙon ya rantse maganinsa lafiya lau. Sai Tanimu, yayansu, ya ɗauki kwalba ya ce, "Ranka ya daɗe, in ƙanwata ƙarya take yi, zan tashi da ƙafata." Ya shanye. Nan take ya zube, numfashinsa kamar zare. Ya rayu, amma hannunsa bai bar rawa ba har ƙarshen rayuwarsa.

Baƙon ya ce farfaɗiya ce, mutane suka soma yarda. Mati, na tsakiyarsu, duba-gari ne. Ya ɗaure kwalba ɗaya a ka, ya faɗa kogin da ke ambaliya don ya haye zuwa birni, 'yan koren baƙon na biye da shi da adduna. Ya kai birni aka gwada, aka sami abin da ke tsayar da numfashi a cikin maganin. Ya komo da umarnin hukuma, aka farfasa kwalaben, baƙon ya tsere.

Hakimi ya kafa doka: ba maganin da zai ƙara shiga kasuwa sai mutum ɗaya amintacce ya duba. Ya dubi 'yan'uwan nan uku, ya rasa wanda zai naɗa.

To, ku da kuka ji, wa za a damƙa wa rayukan yaran garin?